Hutun da Kunyar 'Yar Fari Ta Cinye Mana

Abubuwa da yawa sun same ni a zaman aure waɗanda yanzu ko an tuna mini sai na yi dogon tunani kafin in gano su. Amma wani hutun ƙarshen shekara da maigidana ya zo gida, ina jin har in koma ga Mahaliccina ba zai fita daga raina ba. Shekaru sun ja, yarinyar da abin ya faru a kanta ma yanzu ta fi ni tsawo, amma duk ranar da na tuna sai in ji raina ya ɓaci kamar jiya aka yi.

A lokacin muna haya a unguwar Gurugu da ke Tamale, ciki da falo, ni da yara biyu. Babbar mace ce, ba ta wuce shekara takwas ba, sai ƙaninta da bai daɗe da iya gudu ba. Maigidana makanike ne, yana gyaran manyan injina a wani wurin haƙar zinariya can kudu, kuma aikin ba ya sakinsa. Ko Sallah ba kullum yake samun zuwa ba. Abin da muke da tabbacinsa shi ne hutun Burunya, wato Kirsimeti, lokacin da ake rufe wurin aikinsu mako guda. Ba bikinmu ba ne, amma ni ina son makon nan fiye da yadda zan iya faɗa. Makarantu a rufe, babu zaryar gidan tela, babu rabon abinci gida-gida, babu wanda zai yi ƙorafin ba ki je gaishe shi ba. Mutum ya ja ƙofarsa ya huta da iyalinsa.

Yarinyar nan da ubanta, a waya suka saba. Kusan kullum da yamma sai ya kira, ta ƙwace wayar ta shige ƙuryar ɗaki, in riƙa jiyo dariyarsu. Hajiyata yake ce mata. Ita ke ba shi labarin wanda ya sha bulala a aji da wadda ta zubar da kokonta a hanya, shi kuma ya biye mata kamar sa'arsa. A wannan hirar tasu ne suka ƙulla cewa idan ya zo ba inda za su je, finafinai za su zauna su kalla har idonsu ya yi ja.

Ba ta ɗauki maganar da wasa ba. Tun da sauran lokaci ta matsa mini, sai da na kai ta wani shago a Sakasaka inda ake tura finafinai a filashi. Ni kuma ba na yarda da zaɓin masu shago, don za su iya haɗa ki da abin da zai sa ki nemi rimot a guje a gaban yara. Saboda haka duk wanda aka tura sai da na bi shi ni kaɗai na tace. Na bar wani na barkwanci daga Kano, labarin tela mai karɓar ɗinki fiye da ƙarfinsa yana ɓuya a ƙarƙashin tebur. Na bar wani na yaren Dagbanci da aka yi a nan garin, kan wa da ƙani da suka ɓata saboda gona, wanda ya sa ni hawaye ina wanke-wanke. Sai kuma nata na musamman, katun ɗin wata akuya da aka ɗora a motar kasuwa bisa kuskure, take ta fafutukar komawa gida. Ta taɓa ganin farkonsa a gidan ƙawarta, da ta ji daɗinsa sai ta tashi ta fito, wai ba za ta ga ƙarshensa ba sai da Babanta. Watanni filashin nan yana cikin gwangwanin da take ajiye 'yan kunnenta. Ko ƙaninta ya yi kuka ya ce a sa masa akuya, ba ta yarda.

Ranar da ya iso, tun kafin keken da ya ɗauko shi daga tasha ya gama tsayawa ta ɗafe shi. A wuyansa ya shigo da ita gida, ƙafafunta na reto, ni ina cewa ya sauke ta ta yi girma da wannan. Na yi tuwo da miyar ayoyo, muka ci a kwano ɗaya. Ta so a fara kallon a ranar, amma mutumin ya kwana a mota, ga shi an ɗauke wuta. Ya dafa kanta ya ce gobe, tun daga safe har dare nasu ne.

Goben ce ba ta zo ba. Da hantsi ina shanya sai na ji sallama, na leƙa na ga Baffa tsaye da sandarsa da 'yar jakarsa. Baffa yayan mahaifin maigidana ne, kuma shi ya riƙe shi tun yana ƙarami a gidansu na Sabonjida, kafin tsufa ya mayar da shi Salaga wurin 'ya'yansa. Ya ce gwiwa ce ta matsa masa, ya zo ganin likita, kwana ɗaya zai yi ya juya. Muka yi masa maraba da gaske, don ba mutumin banza ba ne. Da suka je asibitin aka ce likitan ƙashi ya tafi hutu, sai bayan sabuwar shekara. Na ɗauka zai ce to bari ya koma ya dawo. Ina! Baffa ya dubi doguwar kujerarmu, ya dubi fanka, ya ce ai babu amfanin wahalar hanya sau biyu.

Ba zaman Baffa ne ya ƙona mini rai ba. Baƙo ba ya gundurata, tukunyata kuma ba ta taɓa gaza mutum ɗaya ba. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne yadda maigidana ya rikiɗe tun daga lokacin da tsohon ya ajiye sandarsa. Yarinya ta rugo da gwangwaninta tana cewa Baba an kawo wuta, sai kawai ya kau da kai kamar ba da shi take ba. Ta ja hannun rigarsa. Ya zame hannun a hankali, ya dube ni ya ce, “Ki ce wa wannan ya je waje ya yi wasa.”

Wannan. Jiya Hajiyata, yau wannan.

Nan take na gane abin da ke faruwa, kunyar ɗan fari ce. Ga wanda bai sani ba, a al'adar iyayenmu uba da uwa ba sa sakewa da ɗansu na fari, musamman a gaban manya. Ba a kiran sunansa, ba a wasa da shi, ba a nuna an damu da shi, wai yin haka rashin kunya ne. A Tamale yawancin gidaje sun daɗe da sakin wannan abu, ni kaina sunan 'yata nake kira gatsau, kuma ba wanda ya taɓa tsayar da ni. Amma dangin maigidana tsofaffin Hausawa ne da kakanninsu suka zo fataucin goro, suna alfahari da cewa ba su zubar da komai ba. Tun da aka haifi yarinyar bai taɓa zama ƙarƙashin rufi ɗaya da ita da Baffa na tsawon kwanaki ba, shi ya sa ban taɓa ganin wannan fuskar tasa ba.

Na ce a raina na yini ɗaya ne, zai gaji. Bai gaji ba. Idan ta shigo falo sai ya tsiri duba waya. Idan ta kawo masa ruwa sai ya nuna mata ƙasa da baki, ta ajiye. Ni kuma surukuta ta hana ni zama a falon, daga gaisuwa sai kai abinci, don haka ba ni da damar in jawo ta jikina mu zauna tare. Falon da na share na goge don hutunmu ya koma zauren maza, ni da 'yata muka koma 'yan tsakar gida.

Abin haushin, Baffa ya fi kowa son kallo. Ni da na zaci zai ce a kashe talabijin a kunna masa rediyo, sai ga shi yana tambaya ko akwai wani abin dariya. Maigidana ya aiko ƙaramin ya karɓo filashin. Ta ba shi da murnarta, ta bi bayansa tana tsammanin an yafe mata laifin da ba ta san ta yi ba. Tana sa ƙafa a ƙofa ya ce ta je ta taya Mma aiki. Haka aka kalli tela, Baffa yana dariya har da buga sanda a ƙasa. Aka kalli na gona, yana ta yanke wa 'yan'uwan hukunci tun kafin fim ya kai rabi. Shi kuwa ƙaramin, da yake ba ɗan fari ba ne, yana kan cinyar ubansa ana ba shi gyaɗa a baki.

Ranar da aka sa na akuya, bayan azahar ne. Ina tsakar gida ina tsince shinkafa na ji kiɗan farkonsa. Na ɗaga kai ban ga yarinyar ba. Da na zagaya bayan ɗaki sai na same ta ta taka bokiti, ta manna fuska a tsakanin gilasan taga, rana na dukan ƙeyarta. Ba ta ji zuwana ba. Daga ciki ana ta ƙyaƙyata dariya, har da muryar ubanta, ita kuwa ko murmushi babu. Na tsaya ina kallonta, na rasa ko in sauke ta ko in bar ta. Na bar ta, don na ga ko wannan ɗin aka hana ta an gama da ita.

Da yamma na zaunar da ita ina yi mata tsifa. Can sai ta ce, “Mma, ni ba ɗiyan shi ba ne?”

Na ce wace irin magana ce wannan. Ta ce wata yarinya a gidan ta faɗa mata cewa idan uba ba ya kallon yaro, to tsinto shi aka yi. Na yi mata rantsuwa, na nuna mata hancinta da nasa iri ɗaya, na yi ta bayanin al'ada da kunya da girmama manya. Ina magana ina jin yadda bayanin yake fita ba daɗi a bakina. Ta saurara har na gama, sannan ta tambaye ni me ya sa ba a jin kunyar ƙaninta. Na ci gaba da tsifar da nake yi mata.

Ina ɗaure mata kai na aika a kira mini shi bayan ɗaki, inda nake tuƙa tuwo. Na faɗa masa abin da ta ce, ina sa ran jikinsa zai yi sanyi. Sai ya waiga ya dubi ƙofar falo, ya rage murya, ya ce in yi haƙuri, na san Baffa ne ya rene shi, ba zai iya zubar da mutuncinsa a gabansa ba. Wai yara ba sa riƙe abu, idan tsohon ya tafi zai saya mata wani abu ta manta. Na tuna masa cewa kafin tsohon ya tafi shi ya riga ya koma kudu. Ya ɗaga kafaɗa.

“Ni ma ɗan fari ne,” in ji shi. “Baba na bai taɓa kiran suna na ba kuraa, ko sau ɗaya. Na mutu?”

Na ajiye muciya na dube shi. Na ce, “Ba ka mutu ba. Amma tun da na aure ka, ban taɓa jin ka ba da labarin mahaifinka ko guda ɗaya ba. Haka kake so ita ma ta tashi?”

Ya juya ya koma falo. Na yi zaton maganar ta shige shi. Washegari sai ga shi ya ɗora daga inda ya tsaya, har ma ya ƙara ɗaure fuska, kamar ni ce na yi masa laifi. Ranar na cika har na rasa inda zan sa kaina. Mutum ya yi shekara yana cewa Hajiyata a waya, inda babu mai ganinsa, amma ya kasa ɗaga ido ya dubi yarinya a cikin falon da shi yake biyan hayarsa. Na yi ta juya abin a raina, kwanaki na tafiya, yarinya ta daina ko leƙa ƙofar falon. Abincinta ma sai na tsaya a kanta take ci.

Ana gobe zai koma, da safe ya fita kai babur ɗin maƙwabcinmu gyara, aikin da ba wanda ya sa shi. Na ɗauki koko da ƙosai na kai wa Baffa. Tun da aka kawo ni gidansu, maganata da shi ba ta taɓa wuce ina kwana da ina gajiya ba. Na durƙusa na ajiye, na gaishe shi, amma ban tashi ba. Idona a kan tabarma, na ce, “Baffa, ka yi mini afuwa, magana ce da ni. Jikarka tana tambayata ko tsinto ta aka yi. Ubanta yana jin kunyarka, ya kasa kallonta tun da ka zo. Gobe zai tafi, sai kuma baɗi.”

Ya ajiye cokalin.

“Kunyata?” ya ce. “Ni tun da na zo nake kallon ikon Allah. Na ɗauka wani babban laifi ta yi ubanta yake horonta, na ce ba zan shiga tsakanin mutum da tarbiyyar 'yarsa ba. Ke 'yar nan, babban ɗana a Salaga, 'yarsa ta fari a wuyansa take yini, a gabana, ni nake ƙara musu da alewa. Wannan abu mu aka yi wa, kuma ba wanda ya ji daɗinsa a cikinmu.”

Ban san lokacin da na ɗago na dube shi ido cikin ido ba, abin da ban taɓa yi ba. Wato duk wannan ƙuncin, duk hawayen da yarinyar nan ta haɗiye, babu ma wanda ya nema. Maigidana ya ɗauko kunya ya shimfiɗa wa tsohon da bai san ana yi ba. Shi ma Baffan ban wanke shi duka ba, gaskiya. Mutum mai shekaru irin nasa, yana ganin ƙaramar yarinya tana raɓe-raɓe a bakin ƙofa kusan mako guda, ai ko sau ɗaya ya tambaya me ta yi. Amma dariyar tela ta fi masa.

Da maigidana ya dawo, Baffa bai ko bari ya zauna ba. Ina daga tsakar gida ina jiyo shi yana yi masa faɗa, yana cewa wa ya aike shi, shi ya rene shi ne don ya zama uba, ba dogari ba. Can sai na ji maigidana ya ƙwala kiran sunan yarinyar, karo na farko tun zuwan tsohon. Na ce alhamdu lillahi, ko yini ɗaya aka samu an rage asara.

Ta fito daga ɗaki a hankali, ta gyara ɗankwalinta. Da ta isa ƙofar falo ba ta shiga ba. Ta durƙusa a bakin ƙofa, kanta a ƙasa, ta ce ga ta. Ya washe baki ya buɗe hannuwa, ya ce Hajiyata zo mana, zo mu sa na akuyan nan da muka yi alkawari.

“Na gani, Baba,” ta ce. “Akuyan ya koma gida.”

Ya ce to a sake sawa, ai shi bai kalla da kyau ba. Ta ce to. Aka sa. Ta shigo ta zauna a ƙasa kusa da ƙafar Baffa, ta naɗe hannuwa, ta kalli fim ɗin daga farko har ƙarshe kamar wadda aka ba aikin makaranta. Duk inda ya yi dariya ya waigo ya dube ta, idonta na kan talabijin. Da la'asar ya ɗauke ta a babur suka shiga gari, ya sayo mata takalmi da ayis kirim. Da suka dawo ta nuna mini, ta ce ta yi godiya, ta ajiye takalmin a ƙarƙashin gado.

Washegari muka raka shi tasha. Ƙaramin ya riƙe wandonsa yana ihu, sai da na ɓamɓare shi. Ita kuwa da ya miƙa hannu zai ɗauke ta, sai ta ja da baya kaɗan, ta rusuna kamar yadda ake yi wa baƙon kunya, ta ce Allah ya kiyaye hanya. Ya tsaya da hannuwansa a miƙe, ya dube ni yana neman in ce wani abu. Na juya ina rarrashin ƙaramin. A cikin mako guda ya koya mata yadda ake jin kunyar uba, kuma yarinya ce mai saurin ɗaukar karatu.

Bayan ya koma, idan ya kira sai ta karɓa ta gaishe shi da ladabi, ta amsa abin da ya tambaya, ta miƙa wa ƙaninta wayar. Ya yi ta ƙoƙari, ba zan ci haƙƙinsa ba. Hutun da ya biyo baya da kansa ya cika filashi da finafinai, ya hana kowa zama a gefensa sai ita. Sun shirya, ba gaba suke ba, kuma yau duk unguwa ana yaba tarbiyyarta. Amma wannan rugowar da take yi ta ɗafe shi ba ta sake dawowa ba. Yanzu da ya bar aikin kudu ya dawo gida gaba ɗaya, wani lokaci sai ya same ni a kicin yana ƙorafi, wai yarinyar nan ba ta sakewa da shi, idan tana da damuwa ni take faɗa wa. Nakan ci gaba da yankan albasata.

Abin da na koya, kuma nake faɗa wa duk ƙanwar da ta zo mini da zancen gidanta, shi ne yaro bai san al'ada ba, wanda ya dube shi da wanda ya kau da kai kawai ya sani. Girmama manya wajibi ne, ni ma a kansa na tashi. Amma kafin mutum ya tauye ɗansa don ya faranta wa babba rai, ya buɗe baki ya tambayi babban ko yana so. Tsohon da aka yi dominsa ya koma Salaga da gwiwarsa, ko a jikinsa. Uban ya yi nadama, ya nemi gyara. Ita kuwa yarinyar shekara guda ta yi tana jiran makon nan, kuma babu wanda ya iya mayar mata da shi.